Awarwaron Umma Ya Karce

Shafi na 19

Masu cewa na bar Auta tsaye da tsintsiya a hannu tun jiya, ku yi haƙuri, wayar ce ta mutu. Ga ta nan.

*

"Ɗago hannun, Umma. Ɗago ta gani da idonta."

Umma ba ta ɗago ba. Yaya ne ya kama hannun da kansa, ya juya shi wajen hasken taga kamar mai nuna wa likita ciwo.

Auta ta jingine tsintsiyar ta matso.

Ta duba. Ta ƙifta ido ta sake dubawa.

Awarwaron zinaren Umma ne dai, mai zanen ganye zagaye da shi. Amma jikinsa duk karce ne, tsaye da kwance, sai ka ce gindin tukunyar da ta sha soson ƙarfe.

"Ba ke ce kika kai shi shagonku ba?" in ji Yaya.

"Ni ce."

"Ba ke ce kika ce kin shafa masa wani ruwa kin gasa, ya yi tauri, ko da me aka goga ba zai yi tabo ba?"

"Na ce ba zai yi saurin..."

"A nan falon kika karɓi mukullin motata kika goga a kai. A gabana. Har kina dariya."

Haka aka yi kuwa. Tun da ta gama sakandare take koyon aikin zinare a shagon Baba Maƙeri, kuma awarwaron Umma shi ne aiki na farko da ya bari ta yi ita kaɗai, daga wanki har gashi. A shagon riga suke ce wa wannan shafin, don siririn abu ne garai-garai da ke lulluɓe zinare, ido ba ya ganinsa, amma farce da bakin tebur da sauran abin da hannu ke gogawa ba sa samun zinaren. Ranar ce kaɗai a rayuwarta da Auta ta yi abin da za a kira nuna kai. Ga shi yau ranar ta dawo mata.

"To wannan fa?" Yaya ya ƙwanƙwasa awarwaron da farce.

"Wallahi ban sani ba, Yaya."

"Ni na sani. Ko dai ba ki shafa komai ba kika zo kika yi mana wasan yara, ko kuma na Umma na can wani wuri, kin kawo mata gwangwani."

Auta ta kalli Umma, tana jira ta ce masa ya rufe baki.

Umma ta zare hannunta ta ja mayafi ta rufe shi.

"A bar maganar nan. Abina ne. Na ce na yafe."

Na yafe?

Kalmar ta fi duk abin da Yaya ya faɗa zafi. Ana yafe wa wanda bai yi komai ba ne?

"Ni ban yafe ba," in ji Yaya. "Ku tashi. Shagon za mu je."

"Babu inda zan je," in ji Umma.

"To ki ba ni shi in je ni kaɗai, in yi magana da tsohon yadda na ga dama."

Umma ta san yadda yake ganin dama. Ta tashi ta nemi takalmi.

*

Suka shiga motar Yaya.

Auta na baya, idonta na kan hannun Umma. Duk sanda aka taka burki, awarwaron sai ya zame ya sauko har bayan tafin hannu, Umma ta tura shi sama da yatsa. Ya sake zamowa. Ta sake turawa.

Da can ba ya haka. Da can sai da sabulu yake fita.

Ko Umma ce ta rame? Auta ta kalli wuyanta, ta kalli kumatunta. Babu inda ta rame.

Wayar Umma ta yi ƙara a jaka. Ta zura hannu ta kashe ba tare da ta duba ba.

Auta ta mayar da kai jikin gilashi. Wannan ba shi ne karo na farko da Yaya ya nuna mutum da yatsa a gidan ba. Haka ya yi wa matarsa, Anti, a kan ɗan kunnen da ya saya mata. Ya ce ta sayar ta ba 'yan gidansu. Ta rantse, ta yi kuka, daga ƙarshe ta haɗa akwati ta tafi. Bayan tafiyarta aka ɗaga kujerar falo za a share, sai ga ɗan kunnen kwance a ƙasa. Yaya ya ɗauka ya sa a aljihu, ya ce kada wanda ya ƙara ambaton sunanta a gidan. Watanni ke nan, ko lambarta ba ta shiga.

Yau layi ya zo kan Auta.

*

Dogo mai goge kaya ne ya fara ganinsu. Ya kashe injinsa ya sauke ƙyallen hanci.

"A'a, Auta, yau da rakiya? Ko ƙarin girma aka yi miki ba mu ji ba? Umma, sannu da zuwa, ga kujera. Yallaɓai, kai ma..."

"Ina mai shagon?"

Dogo ya kalli fuskar Yaya, ya haɗiye sauran maganar.

Baba Maƙeri ya fito daga ciki yana goge hannu, tabarau a goshi. Ya gaisa da Umma a tsanake, ya tambayi jiki, ya tambayi gida, kamar bai ga Yaya na huci a gefe ba. Sai da ya gama ya ce, "To, lafiya?"

Yaya ya zayyana masa, har da ƙari.

Tsohon bai kalli Auta ba. Hannu kawai ya miƙa. Umma ta sunkuyar da hannu, awarwaron ya faɗo tafinsa da kansa.

Ya sauke tabarau. Ya juya shi. Ya goga gefensa a baƙin dutsen gwaji, ya ɗiga ruwan kwalba a kan layin da ya bari, ya jira.

"Zinare ne."

"Zinare?" in ji Yaya.

"Mai kyau ma."

Auta ta saki numfashi.

"Amma wannan bai taɓa sa riga ba."

Auta ta matso kusa da shi.

"Baba, na sa masa. Kana nan. Kai ka kunna min injin gashi."

"Ina nan, 'yata. Na ga kin wanke, na ga kin rataya a wayar ƙarfe kin tsoma, na ga kin gasa. Da idona." Ya ɗaga awarwaron sama. "Amma riga in ta tsufa, ɓarewa take daga gefe, ka ga inda ta tashi da inda ta saura. Wannan babu ko ɗigo. Tsirara yake tun ranar da aka ƙera shi."

"Kun ji ko!" Yaya ya tafa hannu.

"Tsaya, samari, ban gama ba."

Baba Maƙeri ya haɗa yatsunsa huɗu ya zura cikin awarwaron. Suka shige. Ya ƙara babban yatsa. Shi ma ya shige.

"Wancan da aka kawo, yatsu huɗu na sa suka cije. Har na ce wa Dogo, wannan baiwar Allah da ƙaramin hannu take."

"Ka faɗa," in ji Dogo.

"Wannan ya fi shi faɗi. Ya fi shi nauyi kuma, hannuna ya gaya min. Zanen iri ɗaya, maƙeri ɗaya ne ya yi su, ko ba a faɗa ba. Amma biyu ne."

Yaya ya matso ya leƙa awarwaron.

"Biyu kamar yaya?" in ji Yaya. "Tun ina yaro ɗaya na sani."

"Ni dai abin da ke hannuna nake faɗa."

"To an canza ke nan. Abin da na ce tun a gida."

Dogo ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, a yi min haƙuri. Ni dai tun da nake ban taɓa jin ɓarawon da ya ɗauki ƙarami ya ajiye babba ba. In akwai shi, a turo shi gidana."

"Da kai nake magana?"

"A'a."

Auta ta dafa tebur. Kanta ya ɗaure tam. Ta sa riga, amma babu riga. Na Umma ne, amma ba na Umma ba ne. An sace, amma an ƙara. Ta shiga lalube a ranta, ko ranar akwai wani awarwaron a tire ɗin? Ko ta ɗauki na wata ta kawo gida? To ai a falo ta goga mukulli bai karce ba. Ko mafarki ta yi? Ai Yaya ma ya gani. Mutum biyu na mafarki ɗaya?

Kamar Yaya ya ji abin da take tunani.

"Ko ma mene ne, a hannunta ya faru. Wataƙila na wata mai kaya ta haɗa, ta ba wa waccan na Umma. Yau na uwarmu ne, gobe na wa? Haka kuke aiki a nan?"

Nan ne fuskar Baba Maƙeri ta canza. Zagi bai dame shi ba, amma a ce kayan mutane na cakuɗewa a shagonsa, wannan ko a wasa ba ya so.

Ya juya wajen Umma.

"Hajiya, ke ce mai abu. Tun ranar da yarinyar nan ta kawo miki, kin taɓa cire shi? Kin ba wani ajiya? Aro?"

Wayar Umma ta sake ƙara. Ta danne jakar da hannu biyu kamar mai toshe bakin yaro.

"Ni dai na ce a bar maganar."

"Ba amsa ba ce wannan, Hajiya."

"Ita ce da ni."

"Umma," Auta ta ce, muryarta can ƙasa. "Umma, don Allah. Ki ce musu ba ni ba ce."

Umma ta kalle ta. Idon ya cika da ruwa taf. Leɓenta ya motsa. Sai ta kalli Yaya, ta sunkuyar da kai.

Baba Maƙeri ya ja dogon numfashi.

"'Yata, kin san dokar shagon nan, ba yau na kafa ta ba. Hannun da aka yi maganar kaya a kansa, ba ya taɓa zinaren kowa sai magana ta fita. Ba na cewa kin yi. Ba na cewa ba ki yi ba." Ya buɗe tafin hannu. "Mukullin ɗakin shafi."

A wuyanta yake, a jikin zare, ƙarƙashin hijabi. Ranar da ya ba ta shi ko barci da shi ta yi. Ta ciro shi, zaren ya maƙale a kunnenta, ta ja, ya sake maƙalewa. Dogo ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba.

Ta ajiye mukullin a tafin tsohon.

"Sai ki ɗauko jakarki," in ji Yaya. "Dama ni tun farko..."

"Salamu alaikum. Don Allah nan ne ake sa wa zinare abin nan mai tauri?"

Mace ce a bakin ƙofa. Dogon hijabi har ƙasa, ta rufe hanci da baki, ta rungume hannun hagu a ƙirji cikin tawul. Hasken waje na bayanta, ba a ganin idonta sosai. Tana haki kamar ta yi sauri.

"Nan ne," in ji Dogo. "Amma mai yin aikin yanzun nan aka..." Ya kalli Baba ya yi shiru.

"Ba sawa na zo yi ba. Cirewa." Ta shigo taku biyu, idonta a kan tawul ɗin. "Hannuna ne ya kumbura, ya ƙi fita. Na sa sabulu, na sa mai, na sa zare. Na je wajen wani maƙeri a layinmu, ya ɗora magagari sai zamewa yake, ya kusa yanka ni. Ya ce shi ba zai iya ba, in nemi waɗanda suka shafa masa. Mai abin kuma tun safe nake kiranta ba ta..."

Ta ɗago kai.

Maganar ta tsinke.

Auta ta riga ta san muryar tun a sallama, zuciyarta ce ta ƙi yarda. Umma kuwa ta miƙe tsaye, jakar ta faɗi daga cinyarta, wayar ta fito tana sulɓi a kan siminti.

"Ke da na ce ki jira ni?" in ji Umma.

"Umma, yatsun sun fara mutuwa."

Ta warware tawul ɗin.

Hannun ya yi suntum, yatsun sun yi duhu. A tsakiyar kumburin, ya nutse cikin nama, ga awarwaro mai zanen ganye yana walƙiya kamar yau aka fito da shi daga wuta. Duk sabulun da magagarin da ya sha, layi ɗaya ne siriri a gefensa.

"Ikon Allah," in ji Dogo. "Ga ƙanin ya zo neman wansa."

Babu wanda ya yi dariya.

Auta ba ta san lokacin da ta isa gabanta ba.

"Anti?"

Matar ta sauke abin hancin. Ita ce. Ta yi duhu, fuskar ta cika, amma ita ce.

"Auta. Ashe haka aikinki yake? To kin iya, don ya kusa cinye min hannu."

Baba Maƙeri ya matso da tabarau. "In aikinki ne, Auta, kin san inda za ki duba."

Ta sani. Duk abin da aka tsoma, a siririyar waya ake rataye shi, kuma inda wayar ta taɓa ruwan ba ya kaiwa, sai ya bar ɗan ɗigo tsirara kamar kan allura. Auta a bayan ganye na ƙarshe ta ɗaura tata, wajen mahaɗi, don kada Umma ta gani. Ta kama hannun Anti a hankali, ta danna naman da ya kumbura, ta leƙa.

Yana nan.

"Ga shi, Baba," ta ce. "Ga wurin wayata."

Tsohon ya leƙa, ya gyaɗa kai. Ya juya ya kalli Umma. Kowa ma ita yake kallo.

Umma ta koma ta zauna kamar an zare mata ƙashi.

"Biyu ne," ta ce. "Tun a hannun uwata biyu ne. Babban yana ƙasan akwatina, babu wanda ya sani. Ranar da yarinyar nan za ta bar gidan, na bi ta har bakin titi na sa mata shi. Na ce ko shi ya kore ki, ni ban kore ki ba."

Yaya ya kawar da kai.

"Wanki take yi wa mutane yanzu, da goge-goge. Na je na ga duk ya karce. Na ce kawo in kai wa Auta ta sa masa irin nawa, ki riƙe wannan kafin nan, kada hannunki ya zauna haka. Na dawo gida na rasa bakin da zan gaya miki, Auta. In na ce ga wani awarwaro, za ki ce daga ina. Ita kuma ta sa na rantse ba zan gaya wa yayanki..." Ta share ido. "Yau, gobe, yau, gobe. Na manta hannunta ba nawa ba ne. Na manta a irin wannan lokacin hannu kumbura yake."

A irin wane lokacin?

Auta ta kalli Umma, ta kalli Anti. Kanta da ya fara warwarewa ya sake ɗaurewa.

Wani abu mai sanyi ya taɓa tafinta. Mukullin ne. Baba Maƙeri ya naɗe mata yatsu a kai da hannunsa.

"Buɗe ɗaki ki ɗauko ƙaramin zarto da siririn ƙarfen da za mu zura a ƙasa. Daga wurin wayarki za ki fara, nan ne zai kama. Ke kika sa rigar, ke za ki yanka. Yi sauri."

Ta ruga. Mukullin ya ƙi shiga, sai a karo na gaba ya juya. Ta dawo da kayan, Dogo ya riga ya share tebur ya jawo kujera.

"Zauna nan, baiwar Allah. Ɗora hannun. Hijabin zai shiga zarto, ɗan ɗage shi."

Anti ta zauna. Ta kalli Umma. Umma ta rufe fuska da mayafi.

Sai Anti ta kama bakin hijabin da hannun dama, ta yaye shi ta ɗora a kafaɗa.

Zarton ya kusa faɗuwa daga hannun Auta.

Ciki ne. Ba ƙarami ba. Ya fito ya zauna daram a gaba, har rigar ta ɗage.

Mukullin motar Yaya ya faɗi ƙasa. Bai sunkuya ba.

"Umma..." Muryarsa ba tasa ba ce. "Umma, kin sani? Duk watannin nan kin sani?"

Umma ba ta buɗe fuska ba.

Ya yi taku ɗaya wajen teburin. Anti ta ɗaga masa hannun mai lafiya, ya tsaya cak. Tun shigowarta sai yanzu ta dube shi. Ta kalli awarwaro mai karce a gaban Baba Maƙeri, ta kalli jan idon Auta, ta kalli zaren mukullin da bai gama komawa wuyanta ba.

Ta miƙa wa Auta hannun da ya kumbura, idonta a kan mijinta.

"Wannan karon kuma wa ka ce ya yi sata?"